Gilashin da ya fashe ba wanda ya taɓa shi

Bara waccan, bayan an gama sayar da riɗi, ƙanin mahaifiyata ya haɗa kuɗi da wani abokin cinikinsa suka aika Kwatano aka sayo musu Peugeot Boxer. Niyyarsu ɗaukar buhuna daga ƙauyukanmu na gefen Gumel zuwa Maigatari ran Alhamis, da Gujungu ran Lahadi. Da motar ta iso aka zuge ƙofar gefe, sai ga ɗaki sukutum a ciki: gado, kabad, ɗan tebur, murhun gas mai kai biyu da sinkin wanke-wanke, murhun da sinkin kowanne da murfinsa na baƙin gilashi. Irin motocin nan ne da Turawa ke mayarwa gida, su kwashi iyali su tafi yawon hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Rabin gari sai da ya zo kallo.

Kafinta ya ɓaɓɓalle gado da kabad don buhuna su sami wuri, amma Kawu ya ce a bar masa kusurwar murhun. Mutum ne mai kwana a kasuwanni, kuma shayin teburi ba ya zama a cikinsa. Wata huɗu yana dafa abinsa lafiya. Rannan cikin hunturu, ana shirin fita sallar asuba, mota na ƙofar gida a kulle, aka ji ƙara tas kamar an harba gwafa a kwano. Da gari ya waye aka buɗe, murfin murhun ya zama tsaki, kamar an zazzage buhun gishiri baƙi. Na sinkin kuwa yana nan ko ƙwarzane babu.

Nan take aka raba laifi. Abokin cinikin Kawu ya ce yaron mota ne. Matar Kawu ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da motar da ba a san wanda ya kwana ya tashi a cikinta ba. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, an cika yaba motar. Ni Kawu ya aika aka kira.

"Kai da gwamnati ke biya kana koya wa yara kimiyya, zo ka gaya min wanda ya fasa min gilashi."

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. A ba ni zuwa la'asar kafin a sallami yaron nan."

Abin da na gani a ranar, da abin da ya biyo baya wajen neman madadi, shi nake son in warware a nan, domin maganar ta wuce motar Kawu. Gilashin da ke kan murhun nan shi ne a kan kukar gas mai saman gilashi da yanzu ba a kai amarya sai da ita, shi ne kuma murfin tukwanen da ake jerawa a kicin.

Mu fara da abin da ya kai gilashi kan murhu tun asali. Ƙuncin wuri ne. Kicin ɗin irin motar nan duka bai kai faɗin darduma ba. In aka kwantar da murfi a kan murhu da sinki, sai a sami tebur na yanka burodi da ajiye kofi. In aka ɗaga shi, ya tsaya a baya ya tare fantsamar mai daga bango da labule. Ba ya tsatsa, tsumma ɗaya ke goge shi, kuma yana ɗaukar ido a wurin sayar da mota, wanda ni a ganina shi ne babban dalilin da ba a faɗa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya ba su da yawa: akwai Dometic na Suwidin, wanda SMEV na Italiya da Cramer na Jamus ke ƙarƙashinsa, akwai Thetford da ke haɗa murhunansa a Ingila. Littattafan da suke sakawa cikin kwali suna gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa murfin gilashi na iya tarwatsewa idan ya yi zafi, a kashe kowane kai kafin a rufe. To amma wa ya taɓa ganin motar Kwatano ta zo da littafinta? In ma ta zo da shi, da Jamusanci ne ko Faransanci. Kuma wanda ya zana murhun, ƙaramin kaskon soya ƙwai da butar kofi ya sa a ransa, da hanya mai kwalta sumul.

Motar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da yawa daga motocin kwana na Turai a kan Fiat Ducato ake gina su, ita kuwa Ducato uwarsu ɗaya da Boxer, a masana'anta guda ake haɗa su a Italiya. J5 da ta gama kwasar tumatir da albasa a ƙasar nan ita ce yayar Boxer, an fara ta a 1981, Boxer ta gaje ta a 1994. Shi ya sa kayan inji ba sa wahalar samu, kayan ɗakin ne marayu.

Gilashi a ido duk ɗaya ne, amma a aiki iri-iri ne. Wanda masu aluminiyam ke yanka wa tagogi, ana zuba shi ne a narke a kan narkakkiyar kuza ya baje ya yi sumul, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita a 1959, sannan a bar shi ya huce a hankali. Zan kira shi ɗanyen gilashi. Yana yankuwa, yana huduwa, amma in ya fashe yakan tashi dogaye masu baki kamar aska. Na kan murhu gasasshe ne. Bayan an yanka ɗanyen an huda shi an goge bakinsa, sai a mayar da shi tanda har zafinsa ya haura digiri 600 ya fara laushi, a fito da shi a buga masa iska mai sanyi ta sama da ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga an tsoma jan ƙarfe a ruwa ya san dangin abin.

Ga inda sirrin yake. Iskar nan bayan gilashin take fara daskararwa, cikinsa na nan da zafi. Can daga baya cikin ya huce, yana son ya tsuke kamar yadda kowane abu mai zafi ke yi in ya huce, amma ɓawon ya riga ya sandare, kuma a manne suke. Sai cikin ya yi ta jan ɓawon, ɓawon ya matse tamau, shi kuma cikin ya zauna a miƙe kamar tsirkiyar bakan da aka ja ba a saki ba. Haka za su zauna shekara da shekaru. Amfanin wannan shi ne, gilashi ba ya fashewa sai wata 'yar tsaga a bayansa ta buɗe ta yi gaba, matsattsen ɓawo kuwa ba ya barin tsaga ta buɗe baki. Don haka gasasshe ya fi ɗanye ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. Ɗanye kan tsage idan wani sashensa ya fi wani zafi da digiri 40 kacal, gasasshe yana jure bambancin da ya kai 200.

Ramuwar ita ce kaurin ɓawon. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kaurin gilashin ta kowane gefe. A murfi mai milimita 5, ke nan milimita guda ce ke tsakanin zaman lafiya da tarwatsewa. Duk tsagar da ta ƙetare wannan milimitar ta taɓa cikin da ke a miƙe, an saki tsirkiya. Tsagar za ta rarrabu ta zagaye murfin duka da gudun kusan kilomita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Shi ya sa ba a taɓa ganin gasasshen gilashi ya yi 'yar tsaga a gefe ana lallaɓa shi. Ko yana nan lafiya ƙalau, ko ya zama tsaki.

Tsohon al'amari ne. A 1660 wani basarake, Yarima Rupert, ya kai wa Sarki Charles na II na Ingila wasu ɗigon gilashi da aka ɗiga a ruwan sanyi suna narke, suka daskare da siffar ɗan kwaɗo mai jela. A doki kan da guduma ba ya fashewa, amma a karya ƙarshen jelar, duka ya zama gari a hannu. Masana na lokacin sun sha mamaki. Sai a 1874 wani Bafaranshe, De la Bastie, ya yi rajistar hanyar gasa gilashi don kasuwanci, shi a cikin mai yake tsomawa. Direbobinmu ma sun san abin ba tare da an ba shi suna ba. Gilashin ƙofar mota in ya fashe zubewa yake kamar ƙanƙara, gasasshe ke nan. Na gaba kuwa sai ya yi ta tsaga kamar saƙar gizo ana tafiya da shi wata shida, don shi falle biyu ne da roba a tsakani. Ɗigon Yarima Rupert na da jela, murfin murhu ma yana da tasa: bakinsa, kusurwoyinsa, da hujin da aka ɗaura hinji.

Da na je motar Kawu, can na fara dubawa. Hinjin na nan maƙale da 'yan ɓarɓashi. Tsakanin ƙarfen hinji da gilashi akwai 'yar roba da aka sa don kada su haɗu, ita ce ta bushe ta farfashe, a gefe guda ma babu ita sam. 'Yan robobin da murfi ke sauka a kansu in an rufe, biyu sun faɗi. Mota ce da ta haura shekara ashirin, ta baro sanyin Turai ta zo inda ake haura digiri 40 a inuwa cikin Afrilu, cikin motar da aka kulle kuwa ya fi haka nesa. Roba ba ta jure wannan. To a ɗora da hanyoyinmu na burji masu kunya-kunya, inda mota ke kaɗawa kamar rariya. Wata huɗu ƙarfe na cizon gilashi a wuri guda, kowane gargada da nasa cizon. Tsaga ta riga ta kama, tana shiga a hankali, ba mai gani. Danshin iska ma yana taimaka wa tsagar gilashi ta ci gaba ko ba a taɓa shi. A daren da abin ya faru, an dafa shayi da dare, sanyin asuba ya sauko, ƙarfe ya tsuke da saurinsa, gilashi da nasa, ragowar tazarar ta ƙare.

Wannan jinkirin shi ke sa a ambaci aljanu. Mun saba wanda ya fasa abu shi ne wanda abin ya fashe a hannunsa. A gasasshen gilashi lissafin ba ya tafiya haka. Wanda ya buga gindin tukunya a bakin murfi ran Talata ya tafi abinsa, wanda ya zo gogewa ran Asabar shi za a kama.

Yaron motar ma ba a ce ba shi da nasa kason ba. Da na tambaye shi a gefe, ya ce in ya sauke buta yakan rufe murfin nan take, don kada ƙura ta shiga. Harshen gas a inda ya fi zafi yana kusan digiri 1,900, kuma ƙarafunan da tukunya ke zama a kai suna riƙe zafi bayan an kashe. In aka kwantar da gilashi mai sanyi a kansu, tsakiyarsa ta ɗau zafi tana son buɗewa, bakinsa na nan da sanyi yana riƙe ta, sai jan ya taru a bakin, inda dama nan ne rauninsa. Sau ɗaya ba lallai ya fasa ba. Kullum kuwa, tara wa kai ake yi. Mafi muni shi ne a rufe a kan wutar da aka rage ƙasa-ƙasa aka manta da ita, domin da rana shuɗin harshen gas ba ya ganuwa.

Akwai kuma hanyar da murfi ke ƙonewa yana tsaye. Kan murhun baya yana dab da shi. In aka ɗora tukunyar da ta fi murhun faɗi, wuta ba ta da wurin tashi sai ta bi gindin tukunyar ta fito ta gefe, ta yi ta lasar gilashin a wuri ɗaya. Mu kuwa tukwanenmu ba na mutum biyu ba ne. A nan nake son matan gida su saurara, domin ita ce matsalar kukar tebur mai saman gilashi. Gilashinta ya fi na murfin mota kauri, amma halinsu ɗaya. Tukunyar dalma ta gidan mutum goma sha biyar in ta hau kai, ta rufe wutar ruf, zafi ya koma ƙasa kan gilashi. Sannan a zo tuƙin tuwo, a danna da muciya, tukunya na gurzawa, nauyi na sauka a ƙafafun ƙarfe uku ko huɗu. Miya ta tafaso ta zubo, ko a yayyafa ruwan randa don a goge tun da zafinsa. Ran da ya tarwatse a ce amarya ba ta da hannu, ko a fara kallon kishiya. Ba na ganin laifin yarinyar. Laifin na wanda ya zaɓi kukar don ta yi kyau a hoton jere ne, alhali mai saman silba na gefenta a shago, sau da yawa ma ta fi araha. Kukar gilashi ta dafa taliya ce da ruwan zafi, tuwon gidan yawa a kai shi kan gawayi ko murhun ƙarfe.

Kada a rikita ta da baƙin saman murhun lantarki. Wancan wani abu ne daban, tsakanin gilashi da tangaran, irin wanda kamfanin Schott na Jamus ya fara sayarwa da sunan Ceran a 1971. Kusan ba ya buɗewa in ya yi zafi, shi ya sa yake ɗaukar ɗaruruwan digiri ba ya ko gezau. Haka kwalaben ɗakin gwaji na makaranta da ake ɗorawa kan wuta, haɗinsu daban ne. Mai shago zai ce maka duk gilashi ne mai jure wuta. A'a.

Sai wanki. Mun gaji goge tukunya da toka da yashi da soson ƙarfe, kuma a kan dalma ba laifi. Yashi ya fi gilashi tauri: a ma'aunin taurin duwatsu yashi na kan 7, gilashi bai kai 6 ba. Ƙurar hunturu ma akwai shi a cikinta. Duk gogewa a bushe ƙwarzane ce, kuma kowace ƙwarzane tana rage milimitar nan guda. A jiƙa tsumma, a ɗauke ƙurar tukuna, sannan a goge, bayan ya huce.

Akwai dalili na ƙarshe da ba ruwan kowa a cikinsa. Wani lokaci wajen narka gilashi wani ɗan ƙwayar haɗin nikel da farar wuta, wanda bai kai rabin milimita ba, yakan maƙale a ciki. Gasawa na daskarar da shi a wata siffa, sai ya yi ta komawa siffarsa ta asali a hankali, yana ɗan kumbura. In ya dace yana tsakiyar gilashin, wata rana zai fasa shi ko yana cikin kwali. Alamarsa, in gilashin bai zube ba, za a ga inda fashewar ta faro akwai ɓari biyu manya kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Manyan masana'antu kan sake ɗumama gilashin na wasu sa'o'i don mai wannan aibi ya fashe a wurinsu. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma galibi a shekarun farko yake nuna kansa, don haka na cire shi daga lissafin murfin da ya shekara ashirin.

Kafin maganar madadi, shara. Tsakin ba ya yanka kamar ɗanye, amma yana shiga ko'ina: ramukan kan murhu, gwangwanin sukari, buhun da ke kusa. Duk abincin da ke buɗe a zubar. A share, a bi da jiƙaƙƙen tsumma, a haƙa rami a binne. Kada a watsa a bola inda yara ke yawo ba takalmi kuma kaji ke tono.

Kawu da ya huce, abin da ya fara cewa shi ne a sayo irinsa. Ana samu, a Turai. Kowane murhu yana da lamba a wata 'yar takarda da aka manna a ƙasansa ko gefensa, kuma da ita ake nema, domin murfin da ya bambanta da santimita guda, ko hujinsa ya goce kaɗan, ba zai hau ba. Wasu ma akwai na dama akwai na hagu. In ka lissafa kuɗinsa a Yuro, da na aikowa, da jiran wanda zai riƙo shi a jaka ba tare da ya fashe ba, sau da yawa ka doshi kuɗin sabuwar kuka biyu. Mafi kusa shi ne a leƙa Kofar Ruwa a Kano wurin masu kayan tsofaffin motoci, ko Allah zai sa an ɓalle irinsa daga wata motar. Sa'a ce. Wanda ya samu ya bi bakin da yatsa a hankali, in ya ji gurbi ko ɗaya ya ajiye musu kayansu, kuma ya sake robobin hinji kafin ya ɗaura.

Shawarar da ta fi kowacce haɗari ita ce ta biyu, kuma ita aka fara kawo wa Kawu. Wani mai aluminiyam ya ce a ba shi awo, kafin azahar zai yanko baƙin gilashi daidai wurin, har ya huda. Zai iya kuwa, kuma da ido ba za ka bambanta ba. Amma duk gilashin da aka yanka a gabanka ɗanye ne, domin gasasshe ba ya yankuwa ba ya huduwa, ana sa masa abin yanka zai watse. Ɗanye a bayan wuta ba zai yi mako ba, kuma ran da zai tafi ba tsaki zai zama ba, wuƙaƙe ne, a cikin mota mai gudu, a bayan wuyan direba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. In har sai gilashi, hanyar ita ce a fitar da siffar murfin a jikin falankin katako, da kusurwoyinsa da hujinsa, a kai wa masu hulɗa da masana'antar da ke da tandar gasawa, a yanka, a huda, a goge baki, gasawa ta zo ƙarshe. Hujin kada ya matsi baki, a bar aƙalla ninki biyu na kaurin gilashin. In an kawo, a nemi hatimin da ake bugawa a kusurwa. Mai tabarau irin na direbobi da ke kashe ƙyallin hanya ya ɗaga gilashin a rana ya duba, gasasshe yana nuna wasu tabo-tabo kamar jikin damisa, ɗanye ba ya nunawa. Don murfi ɗaya tal, wahalar ta fi ribar.

Roba mai kama da gilashi, wadda ake allon shago da ita, tana fara laushi kusan digiri 100. Ƙanwarta mai tauri da ake rufin rumfa da ita tana kaiwa wajen 145. A kan sinki ba laifi, a kan murhu ko kusa. Haka alukobon da ake liƙa wa gaban gidajen mai: aluminiyam ne siriri a waje, cikinsa roba ce mai cin wuta a yawancin wanda ke kasuwa. Irinsa ne ya ruruta gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu. Na faɗi wannan ne don shi ma an kawo shawararsa, wai ga shi ba nauyi ga kyau. Tayil da dutsen kanta kuwa nauyinsu zai tsinke hinji a gargadar farko.

Abin da na tsaya a kai shi ne farantin ƙarfe. Murfi mai santimita 50 da 40, in gilashi ne mai milimita 5, nauyinsa kilo biyu da rabi ne. Aluminiyam zalla mai milimita 3 a wannan faɗin bai wuce kilo ɗaya da rabi da 'yan kai ba, silba mai milimita 1 ma kusan haka, sai dai ita sai an naɗe bakinta don kada ta lanƙwashe ko ta yanki hannu. Hinjin zai ɗauka ba gardama. Aluminiyam ba ya narkewa sai digiri 660, ba ya tarwatsewa, in ya lotsa a buga shi ya miƙe. Aibinsa biyu, kuma ba zan ɓoye su ba. Yana ɗaukar zafi ya kai shi har bakin da za ka kama, don haka a sa masa mariƙin katako. Na biyu ya fi girma: ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. In an rufe a kan wuta, wutar na iya mutuwa gas ya ci gaba da fita. Yawancin murhunan motocin nan suna da ɗan tsinken ƙarfe a gefen kai da ke yanke gas in wuta ta mutu, wasu kuma suna da makulli a jikin hinji da ke tsayar da gas da zarar an sauke murfi. Kada mai gyara ya cire ko ɗaya don suna ba shi wahala, kuma kada a kai walda kusa da bututun gas. Tsofaffi sosai ba su da ko ɗaya, su maganinsu a rufe silinda daga kanta kowane lokaci.

Tunda an zo nan, a duba takardar lambar da kyau. Motocin Jamus na da an yi murhunansu don matsin gas na miliba 50, na baya-bayan nan 30. Regiletar da ba ta dace ba takan sa wuta ta yi rauni, ko ta yi tsalle ta haura tukunya ta kai ga murfi. Kuma ba a kunna murhu don jin ɗumi a mota a rufe, komai sanyin hunturu, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci.

Sinki ba shi da wannan dogon zance. Ba wuta a wurin, katako ya ishe shi. Ko a bar shi a buɗe.

Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, ɗana, duk wannan karatun, ƙarshensa murfin langa za ka sa min a mota?"

"Kusan haka ne, Kawu. Sai dai wannan ba za ka sake saya ba."

A Gumel aka yanko aluminiyam ɗin, aka goge kusurwoyi, aka huda a kan awon tsohon hinji. Makon farko ƙararsa ta hana kowa sakat a hanya, sai da yaron motar ya yanko tsohon tub ɗin babur ya liƙa a inda murfin ke sauka, nesa da kan murhu. Shi ne kuma yanzu ke da dokar: a rufe silinda, a sha shayi, a wanke kofuna, sannan a sauke murfi. Na sinkin da bai fashe ba Kawu ya ce a cire shi tun yana da mutuncinsa, kafinta ya yanko katakon maɗaci ya zauna a gurbinsa, a kansa ake yanka albasa. Gilashin yana ɗakin matar Kawu, ta shimfiɗa masa ɗan kyalle a kan kabad ta jera kofunan baƙi. Na ce mata, "Inna, ba ke kika ce motar da mutanen ɓoye ta zo ba?" Ta ce ai wanda suke ciki shi ne ya fashe.